Kafin Mu Ci Bashin Sabon Babur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar ƙauye da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san cewa ana gane malamai da kunne tun kafin ido ya gan su. Ga mai babur ɗin da sarƙarsa ke bugun murfi kamar ana kaɗa gwangwani. Ga wanda salansarsa ta fashe tun bara, har 'yan aji ɗaya sun san ƙararsa daga bayan kasuwa. Ga kuma wanda ba a jin motsinsa ko kaɗan, domin turo nasa yake yi, gumi ya jiƙe masa riga, littafin shirin darasi na ɗaure a bayan sirdi da tsohuwar roba. Mukan yi dariya, mu yi wa juna ba'a, amma a kan waɗannan baburan ne karatun dubban yara yake tafiya kowace safiya. Ranar da babur ya ƙi tashi, aji guda ne zai zauna ba malami har hantsi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardun bashin babur da suka sake yawo a ɗakunan malamai cikin 'yan makonnin nan. Dillali ya zo da hoton sabon babur mai sheƙi, ya ce ka sa hannu kawai, za a riƙa cira daga albashinka sannu a hankali. Na ga abokan aiki da dama sun karɓi takardar, wasu har sun fara neman mai sayen tsohon nasu. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne cewa mafi yawan waɗannan tsofaffin baburan ba su mutu ba, rashin kulawa ne ya kwantar da su, kuma kashi mafi girma na kulawar da suke buƙata malami zai iya yin ta da hannunsa a tsakar gidansa. Ina kuma ganin reshenmu yana da aikin da ya kamata ya yi a kan wannan.

Mu fara da lissafi, tunda da shi muke cin abinci. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a shekarar 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Darajar naira ta faɗi a wannan tsakanin, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har sabon babur irin wanda 'yan acaɓa ke hawa ya wuce naira miliyan ɗaya. A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ka ninka wannan sau goma sha biyu, za ka sami 840,000. Wato mai ƙaramin albashi ko da ya yi shekara cur bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kuɗinsa ba su kai na babur ɗaya ba. A kan wannan farashi ne kuma dillali zai ɗora nasa ƙarin, ko da wane suna ya kira shi. Wanda ya sa hannu ya jinginar da tuwon iyalinsa na shekara biyu ko fiye, kuma sabon babur ɗin ma, idan aka riƙe shi yadda aka riƙe tsohon, kafin a gama biyan bashin zai fara tari.

Ba daga nesa nake magana ba. Babur ɗina ƙirar CG 125 ne, ya haura shekara goma sha biyar a hannuna, kuma rabin waɗannan shekarun ban san komai game da shi ba illa zuba fetur da buga kik. Wata safiyar damina, ranar da 'yan ajina za su fara jarrabawar ƙarshen zango, sarƙa ta tsinke mini a tsakiyar hanya, kilomita shida tsakanina da makaranta, takardun tambayoyi na cikin jakata. Na isa bayan ƙarfe goma, wandona duk taɓo. Da na kai babur ɗin wurin wani dattijon bakanike, ya ɗaga sarƙar ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ta yi wata uku tana gaya maka za ta tsinke, kai ne ba ka jin yarenta." Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Daga ranar na riƙa zama kusa da shi duk lokacin da na kai gyara, ina tambaya, yana amsawa, wani lokaci da haƙuri, wani lokaci da tsawa.

Akwai wani tarihi da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. A 1974 kamfanin Honda na ƙasar Jafan ya tura injiniyoyinsa su zaga ƙasashe masu tasowa irin su Tailan, Indonesiya, Filifin da Pakistan, su ga yadda talakawa ke amfani da babura. Suka tarar mutane na ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, ba sa juyen baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa ta saki tana ja. Da suka koma gida sai suka ƙera CG 125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin sha'ani da ke jure wahala, da soson tace iska wanda ake wankewa a mayar, da murfin da ke rufe sarƙa. Baburan ƙasar Sin masu yawa da suka cika kasuwanninmu daga baya a kan wannan ƙira aka gina injinsu. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, abin da ke ƙarƙashinmu an yi shi ne tun asali domin mutum irinmu, mai hanya mai ƙura da aljihu mara nauyi, kuma an yi shi yadda mai shi zai iya kula da shi da 'yan sifanu kaɗan.

Baƙin mai shi ne farko, kuma a nan ne muka fi yin sakaci. Injin irin wannan babur ɗin lita ɗaya ce kacal ko ƙasa da haka yake ɗauka, kuma wannan 'yar litar ita ke shafe fistin da giya da kuloci gaba ɗaya, ita ke kuma taimaka wa iska wajen sanyaya injin da ba shi da ruwa. A zafin bazararmu da ƙurar hunturunmu, ba ta daɗewa take sanƙamewa da datti. Malamin da ke tafiyar kilomita 15 zuwa makaranta yana cin 30 a yini, 150 a mako, kafin a haɗa da kasuwa da asibiti da gaisuwar 'yan uwa. Cikin mako shida ya kusa cika kilomita 1,000, kuma ni a nan nake yin juye, ba na jiran sai injin ya canza murya. Aikin bai fi minti ashirin ba. Ka tayar da babur ya ɗan yi ɗumi domin man ya saki jiki, ka kashe, ka kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka sa kwano a ƙasa, ka kwance notin juye. A irin CG akwai 'yar rariya da sifirin a bayan murfin, ka lura da yadda suka fito domin haka za su koma. Ka wanke rariyar da kananzir, ka duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a jikinta, domin idan ya yi yawa injin na gaya maka wani abu na cinyewa a ciki. Wajen ɗaurewa kada ka nuna ƙarfi. Jikin injin alminiyam ne, mai laushi, kuma malamai da yawa sun mayar da aikin minti ashirin ya zama na yini biyu saboda sun murɗe noti har zarensa ya lalace.

Irin man da ake zubawa ma abin dubawa ne. Araha ba ta ado. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ka san abin da aka gauraya a cikinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Ka sayi na gwangwani ko jarka mai hatimi, mai lamba 20W-50 wadda ta dace da zafinmu, kuma idan ka ga an rubuta JASO MA a jikinsa, to na babur ne. Dalili kuwa, kulocin babur a cikin mai yake iyo, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa, ka ji injin na kuka amma babur ba ya gaba. Masu tsofaffin baburan da ke shan mai biyu, irin Jincheng mai hayaƙi, su kuma tankin man 2T ne ransu. Ranar da ya ƙafe a kan hanya, ranar fistin zai kama.

Daga mai sai iska. Injin yana shaƙar iska mai yawan gaske kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, kuma abin da ke tsakaninsa da ƙurar Disamba shi ne soson nan da kanikawa ke kira iya-kilina. Idan na soso ne, ka cire shi, ka wanke da kananzir, ka matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ya yage, ka bari ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa, ka mayar. Idan na takarda ne, ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi, in ya tsufa a canza. A hunturu ina yin wannan duk mako biyu. Na ji wasu na cewa sun cire shi gaba ɗaya domin babur ya sami numfashi. Gaskiya ne zai ɗan ƙara kuzari na 'yan watanni, amma ƙura yashi ce, kuma yashi a cikin silinda aikin takardar goge katako yake yi. Soson da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba shi ke hana ka sayen fistin da zobba.

Fulogi kuwa shi ne littafin rahoton injin, ga wanda ya iya karatunsa. Ka kwance shi bayan injin ya huce ka dubi bakinsa. Idan launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kamar shayi da madara, komai lafiya. Idan baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi wa iska yawa, galibi soso ne ya toshe ko kafireta ke buƙatar saiti, kuma kuɗinka ne ke fita ta salansa. Idan fari ne fat, injin na zafi fiye da ƙima. Idan kuwa jiƙe yake da baƙin mai, zobba sun fara gajiya, wannan kuma ba aikin gida ba ne. Tazarar bakinsa a yawancin baburanmu milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Wajen mayarwa ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da sifana. Kuma ka ajiye sabo guda ɗaya a cikin jaka, tare da sifanarsa.

Bari in dawo kan sarƙa, tunda ita ta koya mini hankali. Ka kafa babur, ka taɓa sarƙar a tsakiyar tsawonta na ƙasa, ka ɗaga ta sama ka saukar. Motsin da ya dace bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kimanin santimita 2 zuwa 3. In ta fi haka saki, tana iya gocewa daga haƙora ta kulle tayar baya kana cikin gudu, kuma mun san iyalan da wannan ya sa su kuka. Kuskuren da ya fi yawa a wurin mai sabon koyo shi ne ɗaure ta tamau, yana ganin hakan ne ƙwarewa. Sarƙar da ta yi tauri tana cin boris, tana kuma tsinkewa idan babur ya faɗa rami da kaya a baya. Ka juya tayar ka nemi inda sarƙar ta fi tauri, a nan za ka auna. Akwai 'yan zane-zane a ɓangarorin biyu na ƙarfen da ke riƙe tayar baya, ka tabbatar an ja dama da hagu daidai, in ba haka ba tayar za ta karkace. Ƙaramin makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya. Wanda ya juya shi ya shirya wa kansa tafiyar ƙasa. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka shafa mata mai mai tsabta, ba wanda ka juye daga inji ba, domin shi cike yake da garin ƙarfe. Idan haƙoran faifan sun yi tsini sun karkata kamar ƙayar sarƙaƙiya, a canza sarƙa da faifan gaba da na baya tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta kai zango ɗaya. Murfin sarƙar da samari ke cirewa don gayu, ka bar naka a wurinsa.

Sauran abubuwan duba ne na kowace Asabar. Iskar taya ana auna ta da safe kafin a hau, kuma taya mai laushi tana shan fetur tana cin gefenta. Ka bi wayoyin gargare da sifana kana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi sautin da ya bambanta ta saki. Ka ɗiga mai a wayar kuloci da ta birki, ka duba ko zarenta ya fara tsinkewa a wajen hannu. Birkin ganga yana da noti na saiti a ƙarshen sandarsa, yawanci kuma akwai 'yar kibiya da ke nuna idan takalmin birki ya cinye. In ta kai alamar, ƙara ɗaure noti yaudarar kai ne. Idan ka buɗe gangar, kada ka hura ƙurar da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙura ce mai cutar da huhu. A damina, ko bayan ka sayi mai a hannun 'yan bumburutu, ka sassauta ɗan sukurun da ke gindin kafireta ka bar abin da ya taru ya zube, sau da yawa ruwa ne da laka. Batir mai ruwa, tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ba. Fis idan ya ƙone, akwai dalili. Wanda ya naɗa waya a madadinsa yana gayyatar gobara ne tsakanin ƙafafunsa.

Abu ɗaya da mu malamai muka fi kowane bakanike iyawa shi ne riƙe rajista. Agogon kilomita na yawancin baburanmu ya daɗe da mutuwa, don haka ka ware tsohon littafin rubutu guda, ka riƙa sa ranar juye, ranar wanke soso, ranar canza fulogi, abin da ka saya da nawa. Ni nawa ya nuna mini abin da ban zata ba: kuɗin da nake kashewa a shekarun da nake jiran lalacewa kafin in gyara sun fi na shekarun da nake kulawa, ban da kwanakin aiki da na rasa. Mutumin da ke iya bin sawun halartar yara saba'in kowace rana ba zai gaza bin sawun babur ɗaya ba.

Tunda wannan takarda tana shiga gidaje, ina da magana da iyali. Uwargida, idan maigida zai yi gyara, a nisanta shi da murhu da risho, domin tururin fetur yana bin ƙasa ya nemi wuta tun daga nesa. Kada a tayar da babur a cikin rufaffen zaure ko ɗaki. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Kada a zuba fetur ko kananzir a robar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu. Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka, kada a kwarara shi a kwata ko kusa da rijiya. Yara kuwa, maza da mata, a kira su su riƙe sifana su kalla. 'Yata ta aji biyar ta fahimci milimita a kan bakin fulogi fiye da yadda ta fahimce ta a allo, kuma ni ne na koyar da ita a wuraren biyu. 'Yan uwanmu malamai mata masu hawan roba-roba, duk abin da na lissafa babu wanda ya fi ƙarfinku.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ya zama injiniya. Karambani ma yana da tsadarsa. Buɗe cikin inji, canza fistin da zobba, gyaran giya, naɗin kwayil, daidaita gargaren da ya karkace, miƙe ƙahon gaba bayan haɗari, duk waɗannan na masu sana'a ne da kayan aikinsu. Saitin bawul ana iya koyonsa, amma a gaban wanda ya iya, da ma'auni, injin kuma a sanyaye. Birki, in kana da shakka ko ƙanƙanuwa, ka kai a duba. Akwai kuma babur ɗin da ya gama aikinsa da gaske. Idan ƙashin jikinsa ya tsage a wajen wuya, ko an yi masa walda a kan walda, ko silindarsa ta kai ƙarshen abin da ake iya faɗaɗawa, to ba rowa ba ce kawai riƙe shi, ganganci ne da rai. Irin wannan mai shi yana da uzurin neman wani, kuma ko shi zan ba shi shawarar ya fara duba na hannu mai lafiya, ko adashi da asusun taimakon juna, kafin takardar dillali.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, domin an faɗa mini a fuska. Wani abokina, wanda ya fi ni daɗewa a gwagwarmayar ƙungiya, ya ce, "Malam, kana koya wa mutane su saba da talauci ne. Maimakon mu matsa a biya mu abin da zai sayi sabon babur, kana ce mana mu kwanta a ƙasa da sifana." Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Haƙƙin malamin karkara ne a ba shi alawus na sufuri da ya san farashin fetur na yau, a biya ƙarin girma a kan lokaci, a kuma samar da rancen abin hawa mara nauyi. Ƙungiyar Malamai ta Najeriya tun kafuwarta a 1931 irin wannan faɗa take yi, kuma babu abin da na rubuta da ke rage ko ƙwayar zarra daga cikinsa. Amma na tambaye shi: wa ya fi iya tsayawa idan aka kira yajin aiki, wanda albashinsa ke hannunsa, ko wanda ake cire kashi uku cikin goma kafin ya gani, dillali kuma na jiran wata ya ƙare? Na ga yadda bashi ke sa mutum mai baki ya yi shiru a taro. Malamin da ba a bin sa bashi ya fi ƙarfin cewa a'a.

Wasu kuma suna ganin zubar da girma ne a ga malami da baƙin mai a farce. Wannan ya fi ba ni mamaki. Mu ne muke tsayawa gaban allo muna koyar da kimiyya da fasaha, muna zana injin mai bugu huɗu, muna gaya wa yara cewa sana'ar hannu abin alfahari ce. Yaron da ya ga malaminsa na tura babur saboda fulogin da minti biyar ya isa a goge, wane darasi ya ɗauka? Na uku, akwai masu tausayin kanikawa, da yawansu ma ɗalibanmu ne na da, cewa za mu hana su abinci. Dattijon da ya koya mini ya amsa wannan da kansa. Ya ce shi ya fi son mai babur ɗin da zai zo ya ce masa, "Baba, ina jin ƙara daga sama idan injin ya yi zafi," a kan wanda zai turo gawa ya ce a tashe ta da naira ɗari biyar, sannan ya zagaya gari yana cewa an cuce shi.

Ga abin da nake roƙon shugabannin reshe su sa a ajandar taro mai zuwa. A sayi akwatin kayan aiki guda ɗaya na reshe, ko ɗaya ga kowace shiyya in hali ya yi: sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, sifanar fulogi, sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, ma'aunin tazara, ma'aunin iskar taya da famfo. Kuɗinsu duka bai kai abin da muke kashewa kan lemo da ruwa a babban taro ɗaya ba. A ajiye shi a hannun mutum ɗaya, da littafin aro, wanda ya ɓatar ya biya, domin mun san halin kayan jama'a. A ware Asabar ta farko bayan albashi, a haɗu a harabar makaranta ɗaya daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, a gayyato gogaggen bakanike, a biya shi ladan yininsa cikakke, kowa ya zo da babur ɗinsa ya yi aikin da hannunsa, shi kuma yana zagayawa yana gyara mana kuskure kamar yadda muke yi wa yara. Asusun taimakon junanmu yana iya sayen baƙin mai da katan daga hannun dila amintacce, a raba wa mambobi a farashin sari, wanda zai rage tsada ya kuma rage jabu.

Idan reshe ya amince, ni na ɗauki nauyin Asabar ta farko. Na riga na yi magana da dattijon nan, ya ce zai zo da sharaɗi biyu: kada a kawo masa babur ɗin da ba a wanke ba, kuma kowa ya zo da kwanon tarar mai da tsummansa. Wanda takardar bashi ke aljihunsa, ina roƙonsa ya jinkirta sa hannu har bayan wannan ranar, ya kawo tsohon a duba shi tukuna.